Ƙarin Ƙwaƙwalwa Mai Sauka Gadon Baya: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Ikara Da Maƙarfi Da Kudan

An shirya wannan takarda domin iyayen ƙasa, watau hakimai da dagatai, da kuma malamansu masu riƙe da littattafan ofis. Cutar da za a yi magana a kanta ba ta da yawa. Mai yiwuwa ne hakimi ya shekara talatin yana sarauta ba a kawo masa labarinta ba ko sau ɗaya. Duk da haka ya kamata a san ta, saboda dalili biyu. Na farko, alamunta iri ɗaya ne da na waɗansu cututtuka da suka fi ta yawa a ƙasarmu, hanyar neman maganinsu kuwa ɗaya ce. Na biyu, ɓarnar da ta kan yi daga baya tana samun ƙofa ne ta wata kalma guda. Likita ya yi aiki, ya cire ƙari daga kan yaro, ya ce wa iyaye, wannan ba daji ba ne. Iyaye kuwa abin da suka ji shi ne, an gama. Maganar likita gaskiya ce, amma ba a gama ba tukuna. Yadda haka ke faruwa shi za a bayyana a nan.

Ruwan da ke cikin kai

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin ruwan laka ba ne, gama sanƙarau ya sanar da su shi. Duk wanda ya yi wayo kafin annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ya ga yadda a ke lanƙwasa majinyaci a soka masa allura a tsatso a ɗebo ruwa. In mutum lafiyayye ne ruwan ya fito garau kamar ruwan sama. In sanƙarau ne ya fito gurɓatacce kamar ruwan tsari. Wani likita Bajamushe, Heinrich Quincke, shi ya fito da wannan dabara a 1891. To, abin lura a nan shi ne, ciwon yana kai da wuya, amma a tsatso a ke ɗebo shaidarsa. Dalili kuwa, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da wanda ke kewaye da laka ruwa ɗaya ne, a cikin jaka ɗaya, tun daga ƙoƙon kai har ƙasan kwankwaso.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu cike da wannan ruwa. Biyu manya ne, ɗaya dama ɗaya hagun. Na uku siriri ne a tsakaninsu. Na huɗu yana can ƙasa wajen ƙeya, dab da inda laka ta soma. A cikin kowane ɗaki akwai wata tsoka ja mai gezar jijiyoyin jini ƙanana, wadda likitoci ke kira koroyid fileksos. Mu a nan za mu kira ta maɓuɓɓuga, don aikinta ke nan: tana tace jini dare da rana tana fid da ruwa. A jikin babban mutum ta kan fid da wajen rabin lita kowace rana, kimanin ledar ruwan sha guda ke nan. Amma abin da ke cikin kai da baya a lokaci ɗaya bai wuce mililita 150 ba, watau cikin ƙaramin kofin shayi. Saboda haka ruwan ba kwance ya ke ba. Yana fita daga manyan ɗakuna zuwa na uku, ya bi wata ƙunƙuntar hanya zuwa na huɗu, ya fita ta ƙofofi uku ƙanana, wani ya gangara ya kewaye laka, wani ya hau ya kewaye ƙwaƙwalwa, daga nan jini ya shanye shi. Sau uku ko huɗu a ke sabunta shi a yini da kwana. Amfaninsa kuwa, ƙwaƙwalwa tana iyo a cikinsa, ba ta gogar ƙashi, yana kuma kwashe dattinta.

Wani likitan Amurka, Walter Dandy, na asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimo, shi ya nuna asalin ruwan a 1919. Ya toshe ƙofofin manyan ɗakunan nan biyu a kan kare, bayan ya cire maɓuɓɓugar ɗaya. Ɗakin da ke da maɓuɓɓuga ya kumbura, ɗayan ya motse.

Ƙarin da ke tsirowa a maɓuɓɓuga

Wani lokaci tsokar maɓuɓɓugar nan ta kan yi tofon da ya wuce kima, ta zama ƙari. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta kasa irin wannan ƙari kashi uku. Na farko shi ne fafiloma, mai sanyin hali, mai jinkirin girma, wanda ba ya cin naman da ke maƙwabtaka da shi. Shi ya fi yawa, shi ne kuma abin da wannan takarda ta dosa. Na biyu tsaka-tsaki ne, an ba shi matsayi na kansa a 2007, ya kuma fi na farko yawan dawowa bayan an cire. Na uku shi ne kasinoma, wannan kam daji ne sosai, galibi ƙananan yara ya kan kama. Ido ba ya rabe su. Sai an yanki tsokar an duba ta da madubin likita kana a san wane iri ne, a rubuta a takarda. A riƙe maganar takardan nan, za mu komo gare ta.

In an tara dukan ƙarin ƙwaƙwalwa na manya da yara, waɗannan uku ba su kai 1 cikin 100 ba. A cikin na yara kuwa su kan kai 2 zuwa 4 cikin 100. Amma a cikin jarirai da ba su cika shekara ba, 10 zuwa 20 cikin 100 na ƙarin ƙwaƙwalwarsu daga maɓuɓɓuga ya ke. A yara ya fi fitowa a manyan ɗakuna, a manya kuwa a ɗaki na huɗu. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba laifin nonon uwa ba ne, ba kuwa wani abu ta ci ko ta tsallaka da ciki ba. Ya kamata iyayen ƙasa su faɗi wannan a fili, gama an san yadda a kan ɗora wa matar gida irin wannan alhaki, har wani lokaci aure ya mutu.

Ɓarnarsa ta farko tara ruwa ce. Ko dai ya riƙa fid da ruwa fiye da abin da jini zai iya shanyewa, ko kuwa ya zauna bisa hanya ya toshe ta. Jariri da ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, sai kan ya yi ta girma. Maɗiga ta cika ta yi tauri ko yaron ba kuka ya ke yi ba, jijiyoyin fatar kai su fito raɗa-raɗa, baƙin ido ya faɗa ƙasa kamar rana za ta faɗi, yaro ya yi ta amai da rigima, ko kuwa ya yi ta barci ya ƙi nono. Babban yaro da babban mutum kansu ba shi da wurin buɗewa, don haka abin ya kan zo musu da ciwon kai mai tsanani, musamman da asuba, da amai, da ganin abu biyu-biyu, da tangaɗi kamar na mashayi. In an daɗe ba a kula ba ido ya kan mutu, ba ya kuwa dawowa.

Kada a ɗauka duk jariri mai babban kai ƙari gare shi. Mafi yawansu wani dalili ne. Likita Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a asibitin yara na Mbale a Yuganda tun daga shekarar 2000, ya iske wajen 6 cikin 10 na jariran da aka kawo masa da ruwa a kai, ƙwayar cuta ce ta shige su a farkon rayuwa ta bar tabo bisa hanyar ruwan. Waɗansu kuma an haife su ne da ƙullutu a baya. Ko wanne ne dai, wurin zuwa ɗaya ne, rabewa kuwa aikin likita ne.

Yadda ya ke sauka baya

Yanzu mun zo ga ainihin magana. Kowa ya ji cewa daji shi ke yaɗo, ƙari mai sanyin hali kuwa inda ya tsiro nan ya ke tsayawa. Haka ne ga mafi yawan ƙari. To, yaya fafiloma ya kan karya wannan ka'ida?

Siffarsa da mazauninsa su ne dalili. Ba dunƙule ya ke sumul kamar ƙwai ba. Yana da rassa da 'yan yatsu masu taushi, kamar zangarniyar dawa. Ba kuwa a cikin nama ya ke binne ba, yana rataye ne a cikin ruwa mai gudu. Kowane manomi ya san abin da ke faruwa in an girgiza busasshiyar zangarniya: tsaba ta kan zuba. Haka nan 'yan ɓarɓashin ƙarin, waɗanda ido ba ya gani, su kan ɓalle su bi ruwa.

Masu noman rake a fadamun Maƙarfi da Kudan, da masu lambun tumatir na Ikara, za su gane sauran ba da dogon bayani ba. In irin ciyawa ya faɗa hanyar ban ruwa, ba ya tsirowa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Ya kan tafi sai can ƙarshen fangali, inda ruwa ya kwanta, ya nutse, ya kama ƙasa. Jakar ruwan laka ita ma tana da ƙarshe. Ita laka kanta a jikin babban mutum ta tsaya ne a saman tsatso, daidai ƙasan haƙarƙari kaɗan. Daga nan zuwa ƙasa sai jijiyoyi zara-zara a cikin ruwa, waɗanda likitoci tun dā suka sa wa suna wutsiyar doki saboda kama. Jakar ta ci gaba har cikin ƙashin kwankwaso ta rufe. Mutum kuwa yini ya ke a tsaye ko a zaune. Saboda haka abin da ya fi ruwa nauyi can ya ke gangarawa. Mafi yawan ɓarɓashin mutuwa ya ke yi. Jefi-jefi wani ya manne wa jijiya ko bangon jakar, ya sami jini, ya soma girma sannu a hankali. Wani lokaci ƙwaya ɗaya ce, wani lokaci da yawa jere kamar 'ya'yan carbi.

Wanda ya tsiro a baya, in aka yanko shi aka duba, sau da yawa kamarsa ɗaya da uwarsa ta cikin kai, mai sanyin hali ne shi ma. Watau bai rikiɗa ya zama daji ba, wuri kawai ya sake. Amma wurin ƙunci gare shi. Ramin ƙashin baya bai fi faɗin babban yatsa ba sosai, ta nan kuwa dukan jijiyoyin ƙafafu, da na mafitsara, da na dubura, da na al'aura suka bi. Ƙari kamar ƙwayar gyaɗa wanda a cinya ba wanda zai kula da shi, a nan yana iya gurgunta mutum.

A cikin labaran da likitoci suka rubuta na wannan sauka, da yawa ƙarin na ɗaki na huɗu ne, wanda ya ke dab da ƙofofin fita, shi ya sa manya ma abin ya shafe su. An sami waɗanda aka iske musu shi a baya tun ran da aka gano na kai, kafin wuƙa ta taɓa su. Wannan ya isa amsa ga mai cewa likita ne ya watsa shi. An kuma sami waɗanda sai bayan shekara biyar, ko goma, ko fiye, suna zaune lafiya sun manta, kana ciwon baya ya taso. Wannan jinkiri shi ne wurin haɗari.

Lalle ne a faɗi ɗaya gefen, don kada tsoro ya hana mutane zuwa asibiti. In an cire fafiloma duka, mafi yawan masu shi sun rabu da shi ke nan har abada. Kusan 9 cikin 10, ko fiye, suna nan da ransu bayan shekara biyar. A cikin ƙarin ƙwaƙwalwa kaf, yana daga waɗanda suka fi jin magani. Saukarsa baya abu ne na nadiri. Shi kasinoma ya fi yin haka nesa ba kusa ba, don haka a kan duba bayan mai shi tun daga farko.

Alamun da za a lura da su

Duk wanda aka taɓa yi wa aikin ƙari a kai, yaro ko babba, kome daɗewar aikin, in ya soma ciwon tsatso wanda ya ƙi tafiya, a yi zargi. Irin wannan ciwo ya kan tsananta da dare in an kwanta, saɓanin ciwon bayan noma wanda kwanciya ke sauƙaƙawa. Ya kan harba zuwa cinya da ƙwauri kamar an ja wuta, tari ko atishawa su ƙara shi. Daga nan sai ƙafa ta soma mutuwa, ko nauyi, mutum ya riƙa tuntuɓe a fili, takalmi ya suɓuce bai ji ba. Yaro ƙarami ba ya iya faɗi. Shi sai a ga ya ƙi tafiya bayan ya riga ya iya, ko ya yi ƙara in an ɗaga shi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina.

Akwai alamu uku da ba a kwana da su. Fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba mutum bai sani ba. Bayan gida ya kuɓuce. Wurin da ke taɓa sirdi in an hau doki, watau ɗuwawu da tsakanin cinyoyi, ya mutu ba ya jin taɓi. In ɗayan waɗannan ya bayyana, jijiyoyin wutsiyar doki ne a matse. Jijiya kuwa kamar shuka ce da dutse ya danne: in an ɗauke da wuri ta miƙe, in an bari ta daɗe ko an ɗauke ba ta tashi. A nan kwana ɗaya ma yawa gare shi. Mutanenmu masu kunya ne, da wuya magidanci ko matar aure su faɗi irin wannan a zaure. Sai a sami wanda suka saba da shi ya tambaya a keɓe.

Abin da a kan rikita shi da shi

A ƙasarmu in baya ya yi ciwo ƙafa ta mutu, abin da ya fi yawa shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Shi ya kan zo da rama, da zazzaɓin dare, da ƙusumbi. Yana da magani, kyauta kuwa a ke ba da shi, ga kuma cibiyar Saye kusa da Zariya da ta daɗe a kan wannan aiki. In yaro ne kuma sai a ce shan inna. Tun 2016 rabon da a ga ainihin ƙwayar shan inna ta daji a Nijeriya, aka kuma tabbatar wa ƙasar da haka a watan Agusta na 2020. Amma ka'idar nan tana nan: duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na Ƙaramar Hukuma nan da nan. Malamin hakimi ya yi haka, ya kuma ƙara da cewa an taɓa yi wa yaron aiki a kai, in an yi.

Saura kuma basir, da sanyi, da jifa, waɗanda kusan kowane ciwon baya a kan jingina musu. Ba wanda zai hana musulmi addu'a, majinyaci ma ya fi kowa bukatarta, tana kuwa tafiya tare da shi har gadon asibiti. Abin da a ke roƙo shi ne kada a tsaya nan. Ƙaho da sakiya fata su ke taɓawa, abin kuwa yana can cikin ƙashi. Maɗori gwani ne a kan karaya, amma a nan ba abin da ya karye, matsa bayan kuwa na iya ƙara ɓarna. Mafi muni shi ne tsaga ko lalas bisa kan jariri mai ruwa, gama fatar ta riga ta yi siriri, ƙwayar cuta ta sami hanya ke nan.

Ko a asibiti ma, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan ƙari. Sau da yawa a kan ɗauka a ce ba kome, alhali kuwa abin yana nan. Hoton maganaɗisu, wanda a ke ce wa MRI, shi ke nuna laka da jijiyoyi, a kan kuma ɗauki kai da baya gaba ɗaya bayan an yi allurar da ke haska ƙarin. Allurar tsatso irin ta sanƙarau kuwa likita ba ya yi wa wanda a ke zargin ruwa ya taru masa a kai sai an ga hoto tukuna. In ya ƙi yi, ba ƙyuya ba ce.

Inda a ke aikin

Likita Latunde Odeku shi ya kafa aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan, a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A zamanin nan mutumin Zazzau da ya kamu da irin wannan ciwo da wuya ya sami mai taɓa shi. Yanzu kuwa akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar, wanda ya koma Shika a 2005, gaba da Samaru bisa hanyar Funtuwa. Akwai su a asibitin Malam Aminu Kano, wanda mutanen bakin iyaka irin na Paki wani lokaci ya fi musu sauƙin zuwa. Akwai kuma babbar cibiya a asibitin koyarwa na Sakkwato. Hanya madaidaiciya ita ce a fara da babban asibitin Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, a karɓi takardar turawa. In alamun gaggawan nan uku ne, a wuce kai tsaye.

Aikin kai babban aiki ne. Ƙarin cike ya ke da jijiyoyin jini, jinin jariri kuwa gaba ɗaya bai kai lita guda ba. Saboda haka a kan nemi jini kafin a shiga. Dangi su je da mazaje masu lafiya, kada a tura uwa da kaka su kaɗai. Wani yaron ko an cire ƙarin ruwa ya kan ci gaba da taruwa, sai a sa masa siririyar roba ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki, mai ɗan makulli da ke barin ruwa ya sauka ba ya komowa. Wani maƙerin injuna na Filadelfiya, John Holter, shi ya ƙera irin wannan makulli a 1956 domin ɗansa. Robar kan toshe, ko ƙwayar cuta ta kama ta. Mai roba in ya soma amai da ciwon kai da yawan barci, ko zazzaɓi, kada a ce zazzaɓin sauro ne a tsaya kemis.

Wanda ya sauka baya kuwa, in ɗaya ne yana matse jijiya sai a buɗe a cire. In ƙanana ne ba su damun kowa, likita ya kan zaɓi ya sa musu ido da hoto lokaci lokaci. In suna da yawa suna girma a kan yi gashi, ko a haɗa da magani mai ƙarfi. Amma a kan guje wa gashi ga yaron da bai kai shekara 3 ba, don yana taɓa hankali da girma.

Abin da a ke nema ga iyayen ƙasa

Hakimi ba likita ba ne, ba a kuwa ce ya zama ba. Amma akwai abin da ya ke iyawa wanda likita ba ya iyawa. Likita ya ga yaro mako biyu ko uku, hakimi da dagaci da mai unguwa kuwa suna tare da shi har ya yi furfura.

A ɗauki misali. A ce yarinya ce a wani ƙauye na ƙasar Gubuchi ko Likoro, aka yi mata aiki tana shekara biyu, ta warke sarai. Katin asibiti ya shiga ƙasan adaka, gara ta ci. Ta girma aka aurar da ita wani gari. Tabon yana ƙarƙashin kitso da ɗankwali, miji bai sani ba, uwar miji ba ta sani ba, ita kanta labari ta ke ji. Bayan haihuwar fari baya ya soma ciwo, ƙafa ta yi nauyi. Kowa zai ce jego ne, ko sanyi. Ko an kai ta asibiti, malamin asibitin ba shi da dalilin tunanin ƙwaƙwalwa, tun da ba wanda ya gaya masa. Jimla ɗaya tak, an taɓa cire mata ƙari a kai, ita za ta sa a nemi hoton da ya dace. In ba mai faɗinta, sai a yi wata shida ana shafa man zafi.

Don haka a ke roƙon malaman hakimai su taimaka wajen adana labari. In an sallamo wani daga irin wannan aiki, da yardar iyayensa, malami ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da unguwa, da asibitin, da lambar kati, da ranar aiki, da sunan ƙarin kamar yadda ya ke a takardar awon tsoka, harafi da harafi ko bai san ma'anarsa ba, da ranar da aka ce a koma. A ɗauki hoton takardun da waya, a kuma yi kwafi biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofis. Wannan sirri ne na mutane, ba abin hira a majalisa ba, musamman na 'ya mace. In ranar komawa ta matso, a aika wa mai unguwa ya tuna musu.

Komawar nan ita ce ta fi wuya. Mutum ya ga ɗansa yana guje-guje, ga kuɗin mota, ga kuɗin hoto mai tsada, ga aikin gona. Da damina a ce sai an yi kaka, da kaka a ce sai an sare rake an kai kasuwa, da rani a ce tumatir ya nuna. Ba rashin so ba ne, talauci ne. Amma kuɗin hoto ɗaya a shekara bai kai kuɗin jinyar gurgu ba. In hakimi ya sa baki a cikin zakka, ko ya yi magana da attajiran gari da shugabannin direbobi na tasha, abin da ya gagari gida ɗaya ba ya gagarar gunduma. Yawan komawa kuwa da lokacin dainawa, likitan da ya yi aikin shi zai yanke, ba lafiyar da a ke gani a ido ba.

Game da jarirai, awon kai shi ne makami, ba ya kuwa cin ko kwabo. Kewayen kan jariri ran haihuwa wajen santimita 34 zuwa 35 ne. Ya kan ƙaru da kamar santimita 2 kowane wata a wata uku na farko, daga nan ya rage sauri, ya kai wajen 45 ko 46 in an shekara. Tef irin na tela ya isa. A roƙi ma'aikatan ɗakin shan magani, waɗanda da yawansu a makarantar koyon aikin lafiya ta Maƙarfi suka yi karatu, su riƙa aunawa ran rigakafi suna rubutawa a kati. Ungozoma da wanzami su ne kan fara ganin kan jariri tun ranar suna, ya kamata dagatai su tara su a gaya musu alamun maɗiga da na ido. Uwa ma ta kan lura hula ta matse da wuri, amma ta yi shiru don kunyar ɗan fari, ko don kada a ce ta yi wa ɗanta baki. Kaka ko gwaggo ita ce za ta faɗa a madadinta.

Ran tafiya asibiti, a riƙe tsohon kati, da takardar awon tsoka, da dukan hotunan da aka taɓa ɗauka ko sun tsufa, gama da su likita zai gwada sabon. A tafi da wanda ya san farkon ciwon, wanda zai iya faɗin ran da ƙafa ta soma nauyi da lokacin da aka yi fitsarin ƙarshe. Majinyacin da ƙafarsa ta saki kada a ɗora shi bisa babur. A kwantar da shi a mota, in tafiyar ta yi tsawo a riƙa juya shi kowace sa'a biyu, don kada kwanciya ta ci masa fata.